Layin da Wana Bai Ja Ba

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Wana ya riga ni komawa, a ɗakinsa na Durumi, bayan gajeriyar jinya wadda ya ƙare ta yana zagin masu kawo masa magani.

Ni da babban ɗansa muka zauna a tabarmar karɓar gaisuwa. Ban taɓa zama a makokin da mutane suka nemi abin kirkin da za su faɗa suka rasa kamar wannan ba. Mutum zai durƙusa, a ɗaga hannu, a shafa fatiha, ya ce "Allah Ya jiƙansa," sai ya tsaya yana kallon saƙar tabarma. Wurin nan da aka saba cewa "mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa," babu wanda ya iya cika shi. Wani dillalin ayaba da muka daɗe muna maƙwabtakar rumfa a kasuwar Zuba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Alhaji, ni na yafe masa duniya da lahira. Amma hancina ba haka yake ba."

Wana mai zanen fuskokin mutane ne, da gawayi a kan farar takarda mai kauri. Sana'arsa ke nan tun da muka baro Zariya muna samari, ni na kama sayar da lemo, shi ya kama wannan. Rabin waɗanda suka zo gaisuwar sun taɓa zama a gabansa, kuma kusan kowa ya tashi da ɓacin rai.

Mutum ɗaya ce ta yi kuka na gaske, wata manomiya Kirista daga wajen Abaji. Ta sauke doya a bakin ƙofa, ta durƙusa nesa da tabarmar maza, ta ce da irin Hausarsu, "Oga ya zana maigida na kafin ya mutu. Yanzu in na shiga ɗaki yana duba ni. Ba ya dariya, don shi ma da can ba ya dariya." Babu wanda ya amsa mata sai ni. Limamin unguwa ya juya carbinsa, ɗan wana ya sunkuyar da kai.

Da mutane suka ragu, yaron ya gaya min abin da ya yanke. Ina ce masa yaro ne don a hannuna ya girma, amma magidanci ne mai iyali.

"Baffa, in an watse zan ƙone zanen nan duka."

"Duka?"

"Duka. Ka san abin da malamai suke faɗa a kan mai zana abu mai rai. An ce za a ce masa ya hura musu rai. Ba zan bar ubana kwance a can, kayan nan suna rataye a nan ba."

Ban yi masa musu ba. Karatuna na allo bai yi nisa ba, na boko kuma a firamare ya tsaya, ba ni da bakin yin fatawa. Kuma na san ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, tsoro ne, don duk wulaƙancin da uban ya yi masa yana son uban. Amma a cikin takardun nan akwai zanen mahaifiyarmu, Inna. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba har ta koma ga Allah. In takardar nan ta ƙone, fuskarta ta bar duniya ke nan, don ni kaina na fara rasa ta in na rufe ido.

Shi ma wana bai bar hoton kansa ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ba don in wanke shi ba. Mutum ne mai mugun baki, mai girman kai, mai wahalar zama. Amma bai kamata a manta yadda yake kallon fuska ba.

Ɗakinsa yana da taga ɗaya, ya toshe ta da kwali tun ranar da ya shiga. Ƙwan lantarki ma ya kwance shi ya ba maƙwabta. Ta ƙofa kaɗai haske yake shigowa, kuma a gefen ƙofar yake zaunar da mutum, a kan wata gajeriyar kujera mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya. In rana ta yi sama ya daina aiki. Ko daga Kaduna ka taso, sai ka dawo gobe da hantsi.

"Hasken tsakar rana na masu awon hatsi ne," in ji shi. "Yana faɗowa a ka, ya mai da idon mutum rami."

Gawayinsa ba na girki ba ne. Ƙananan rassa yake yankowa, ya cusa a gwangwanin madara, ya rufe, ya binne a garwashin mai shayin bakin layi. In zai fito da haske a kan goshi ko karan hanci, sai ya murza tsakiyar burodi ya dangwala a wurin, baƙin ya tashi. Na taɓa ce masa ya sayi farin alli ya huta. Ya dube ni kamar na taka masa sallaya.

"Kai mai lemo, haske ba a zana shi. Barinsa ake yi. Takardar da ban taɓa ba, ita ce hasken."

Haka yake kirana, mai lemo, har bayan na yi furfura, har a gaban surukaina.

A kan layi kuwa ya fi kowa fitina. Yakan ce layi iri biyu ne, akwai wanda ya san inda za shi, akwai mai tambayar hanya. Na sha zama ina kallon hannunsa. A ƙarƙashin muƙamuƙi zai danna gawayin har ka ji yana ƙara, yana hawowa kunci sai ya sassauta, layin ya sirance, ya sirance, ya ɓace, ba ka san inda ya ƙare ba. Can sama kusa da ido sai ya sake bayyana. Mutane suka yi ta ƙorafi. Wannan ya ce an cinye masa rabin fuska da duhu, wancan ya ce ina kunnensa na hagu, wani ya ce an manta da kafaɗarsa. Amsa ɗaya yake ba su duka.

"Ka zo da ido, ka ƙarasa da kanka."

Kuma ba ya sa mutum a tsakiyar takarda. Sai ya tura ka gefe, ya bar fili fari fat a ɓangaren da kake kallo. 'Yan kasuwa ba sa son wannan ko kaɗan, don mu a wurinmu wurin da babu kaya asara ne. Dillalin ayabar nan ya ce masa, "Malam, ga fili nan, ka sa min motata mana." Wana ya ce, "Mutum yana bukatar wurin da zai duba. In na cika gabanka da mota, ka zama mai gadinta." Sannan ya zana masa hancin yadda Allah Ya yi shi.

Ranar da masu rusau suka bi layinsu suna shafa jan fenti a bangon gidajen da za a rushe, mata suna kuka, maza suna ta kiran waya, shi ya fito ya tsaya a gaban alamar da aka yi wa ɗakinsa, hannu a baya. Ya daɗe yana kallo. Da ya buɗe baki sai ya ce wanda ya ja wannan bai iya riƙe buroshi ba. Maƙwabtansa ba su yafe masa wannan ba, wasunsu ko gaisuwar ba su zo ba. Rusau ɗin bai iso layin ba har ya rasu, alamar tana nan a bangon.

Rigimarmu ta fi tsanani bayan na dawo daga aikin Hajji. Na sa haƙorin Makka, na je wurin mai hoto a Zuba aka ɗauke ni da babbar riga ina murmushi, haƙorin yana walƙiya. Na kai masa hoton na ce ya mayar min da shi babba in rataye a falo. Ya riƙe shi da yatsa biyu kamar ya tsinto shi a kwata.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Mai hoto mana, Yaya."

"Ya watsa maka wuta a fuska ya mai da kai faranti. Babu tudu, babu kwari. Zauna can."

"Ni wannan nake so."

"Wannan ba kai ba ne, haƙori ne da hula. Zauna, ka rufe bakin."

Na zauna, don wana ne. Ya sa ni cire babbar rigar. Ya sa ni juya har hasken ƙofa ya kama min kunci ɗaya. Da ya gama ya juyo da takardar, sai na ga wani mutum da baki a tsuke, ido ɗaya a ɗan kanne, yana kallon gefe kamar yana auna wanda ke tahowa.

"Wannan ai mugu ne," na ce.

"Haka kake kallon mai saye in ya taɓa lemo bai tambayi farashi ba. Tun kana yaro haka kake kallon tuwon wani."

Na tashi na bar masa zanen, na ce ya ci da shi. Muka daina gaisawa har azumi ya zagayo ya sake zagayowa. Ko a taron suna muka haɗu, sai dai kowa ya kalli bango. A wancan lokacin na sha faɗa a rumfa cewa wana wasan yara yake yi da gemu, kuma maganar tana komawa kunnensa.

Alherinsa ma da ƙaya yake zuwa. Matar Abajin nan ta ba ni labari a bakin ƙofa. Mijinta yana kwance ba ya tashi, ɗansu ya zo Durumi da ƙaramin hoto ya roƙa a zana. Wana ya kore shi da hoton. Washegari sai ga shi ya shiga motar Lokoja da takardarsa a naɗe, ya sauka a Abaji, ya hau babur har ƙauyen. Yana shiga ya fara faɗa. Ya sa aka cire wa marar lafiyan sabuwar hular da suka sa masa, ya sa aka jawo gadon zuwa bakin ƙofa, ya kori masu leƙe. Ya zauna har ya gama, ya ci doyarsu ya ce ba ta dahu ba, ya tafi. Bai taɓa gaya wa kowa a cikinmu ya yi wannan tafiya ba.

Zuwan Inna ne ya sa muka koma magana. An kawo ta daga Zariya don ciwon ƙafa, ta ƙi zama a gidana ta ce hayaniyar manyan motoci ta yi mata yawa, ta zauna a Durumi. Kullum da hantsi tana bakin ƙofar wana da faifai a cinya tana tsince wake. Bai ce mata ta zauna ba, bai ce ta juyo ba, don ya san za ta ƙi. Daga cikin duhun ɗakin ya yi ta aikinsa. Ranar da ya nuna mata ina wurin. Ta kalla, ta kalla, ta ce, "Wannan tsohuwar ta gaji. Ku ba ta ruwa." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ita kaɗai ce ta taɓa kushe aikinsa ya yi dariya.

Bayan rasuwarta na roƙe shi zanen. Ya ce zan rataye shi ƙarƙashin ƙwan lantarki tsakanin kalanda da agogo, gara ya ba akuya. Haka ya zauna a ɗakinsa.

Da aka watse daga zaman makoki, na koma Durumi da hantsi. Na tarar ɗan wana ya fito da takardun tsakar gida, ya tara su a kan wani tsohon kwanon rufi, ga galan ɗin kananzir a gefe. Yawancinsu waɗanda masu su suka ƙi karɓa ne. Na ce masa ban zo hana shi ba, Inna kawai nake so.

Ya ce, "Na san za ka ce haka, Baffa. Na tambaya. An ce in dole ne a ajiye, to a ja layi a wuya, a raba kai da jiki. In an yi haka ya tashi daga abu mai rai."

Ya zaro baƙin alƙalami mai kauri daga aljihu, irin wanda muke rubuta suna da shi a jikin kwalin kaya. Ya cire murfin.

Na san wannan dabarar, na ga an yi wa hotunan littattafan yara a wasu gidaje. Amma a wuyan Inna, da alƙalamin kwali, a kan aikin mutumin da zai iya ɓata hantsi guda a kan layi ɗaya na gefen ido, abin bai kwanta min ba.

"Ko layi, ko wuta," in ji shi. "Ka zaɓa."

"To, kawo ta bakin ƙofa in gan ta tukuna. Na daɗe ban gan ta ba."

Ya ɗauko ta, muka tsaya a bakin ƙofar ɗakin, inda take zama. Inna tana gefen hagu na takardar, ta ɗan sunkuya, tana kallon filin da ya bar mata fari a dama. Hasken ya kama goshinta da kunci ɗaya da gefen leɓen ƙasa. Ɗaya rabin fuskar ya nutse cikin inuwar mayafi, amma a cikin inuwar akwai ɗigon fari ƙarami a ƙwayar ido, wanda ya ɗauke da burodi. Tsagar gidanmu da ke kuncinta bai ja ta da ƙarfi ba, ya bar ta ta shige cikin tamojin tsufa. Bakin a tsuke, kamar ta ga tsakuwa a cikin waken.

Ɗan wana ya ɗora takardar a jikin ƙyauren, ya ɗaga alƙalamin. Na bi hannunsa da ido zuwa inda zai sauka. Sai na riƙe masa hannu.

"Tsaya. Ina wuyan?"

"Ga shi nan, Baffa."

"Sa yatsanka a kai."

Ya sa. Farar takarda ce a ƙarƙashin yatsan. Daga kunnenta na ɓangaren haske har kafaɗa babu layi ko ɗaya. A ɗaya ɓangaren inuwar mayafi ta sauko ta tsaya a ƙarƙashin haɓa, ta narke. Tsakanin haɓar da bakin rigarta akwai fili kamar faɗin yatsa biyu wanda gawayi bai taɓa ba. In ka ja da baya wuya yana nan, siriri, har kana ganin jijiya. In ka matso babu komai.

"Idonka ne ya sa shi," na ce. "Ubanka bai sa ba."

Ya ja da baya, ya matso, ya sake ja da baya. Ya je kan tulin ya ɗago wani zanen, ya ɗago wani. Dillalin ayaba, wani direban tirela, wata mai abinci. Duka haka suke. Babu kan da aka haɗa da jiki. Shekara da shekaru muna kallonsu, masu su suna ƙorafin kunne da hanci, babu wanda ya lura, har ni da na zauna ina kallon hannunsa.

"Tsoron Allah ne ya sa shi, ko don haske ne?" yaron ya tambaye ni. Muryarsa ta canza.

"Ban sani ba. Da na tambaye shi da ya zage ni."

Ya tsaya yana kallon kakarsa. Can ya ce, a hankali, "Haka take yi da baki in za ta yi min faɗa." Ya mayar da murfin alƙalamin.

Na ɗauka ya sauko duka. Bai sauko ba.

"Wannan wayo ne, Baffa, ba fatawa ba ce. Ba zan yi caca da kabarin ubana a kan wayo ba. Ka tafi da ita, alhakin yana kanka. Kada ka kawo ta gidana, kada ka nuna wa 'ya'yana."

"Na ɗauka."

"Sauran kuma ba na son magana."

Ban yi maganar ba. Na sami abin da na zo nema, na ji tsoron in na ƙara kalma ya karɓe. Ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana. Takarda mai kauri ba ta saurin ci, sai ta fara lanƙwasa, fuskar ta ɗago kamar za ta tashi zaune, sannan ta yi baƙi. A cikin tulin na hango mutumin nan mai baki a tsuke da ido ɗaya a kanne. Ashe bai yar da shi ba. Na dube shi sosai kafin wutar ta iso shi, abin da ban yi ba ranar da aka zana shi. Ni ne. Babu wani mai hoto da ya taɓa kama ni haka, kuma ban miƙa hannu ba.

Na naɗe Inna a cikin rawanina na shiga motar Zuba. Uwargidana ta ce a rataye ta a tsakiyar falo inda baƙi za su gani, ƙarƙashin ƙwan lantarki, kusa da agogo. Na ce a'a. Tana ɗakina, a bangon da ke gefen ƙofa, farin filin yana ta ɓangaren ƙofar, don ta sami wurin da za ta duba. Na kwance ƙwan ɗakin. Da hantsi nake ganinta, in rana ta yi sama in bar ta ta huta.

Wana ya ɓata wa mutane da yawa rai, ni ne kan gaba, kuma ban ce ya yi daidai ba. Wanda ya karanta wannan yana riƙe da shi a zuci, ina roƙonsa ya sake shi, don ba shi da sauran bakin da zai nemi gafara, ko da yake da yana da shi ma ba zai nema ba. Allah Ya yafe masa harshensa. In akwai laifi a aikin hannunsa, Allah Ya dubi filin da ya bari bai taɓa ba. Allah Ya ba ɗansa ladan tsoron da ya ji masa.

An saba roƙa wa mamaci haske a kabarinsa. Ni ma na roƙa masa, ranar da muka rufe shi da kuma bayan kowace salla. Sau da yawa bakina yana so ya ƙara cewa daga gefe ɗaya, sai in kame shi. Wanda nake roƙo Ya fi wana sanin haske.